Yadda za ki mayar da burodin da ya kwana abokin farfesu

Yau ba da maganar ƙwaya ko allura na zo ba, kodayake sai mun ratsa ta kansu kafin mu rabu. Maganar ragowar burodi ce, rabin nan da ake ƙulle bakin ledarsa ranar Litinin a ɗora a kan firiji, ranar Laraba yara su latsa shi su ce ya yi tauri, ranar Alhamis a watsa wa kaji ko a jefa a bola. A da ba wanda ya damu. Amma tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 ya hargitsa kasuwar alkama ta duniya, aka kuma cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi, duk mai sayen burodi a Bosso ya ga kuɗinsa ya hau, jikinsa kuma ya rame. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita. Ashe duk yankan da kika zubar, da dala aka sayo shi.

Abin da nake so ki gwada shi ne ki yayyanka wannan burodi ƙanana, ki gasa shi da ɗan mai da kayan ƙamshi har ya yi ƙaras-ƙaras, ki barbaɗa a kan farfesu ko romo. Faransawa na kiran sa kuruton, daga kalmarsu ta ɓawon burodi, kuma za ki gan shi a saman miyar sha a manyan otal-otal na Abuja, ana kawo shi da yanga kamar wani abin ƙasar waje. Alhali dabarar talaka ce. Duk inda ake cin burodi, mata sun san yadda za su ceci wanda ya kwana. Larabawa na da tharid, gurasa da ake jiƙawa da romon nama, tun kafin zuwan Musulunci. Waɗanda suka zauna a Sudan ko Masar sun san fatta. Mutanen Italiya na dafa miyar wake da ganye su zuba tsohon burodi a ciki. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Wace kaka ce ta taɓa zubar da ƙanzo? Sai ta kankare shi, ta shanya, ranar da aka bukata a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kanawa kuma sun daɗe suna tsoma gurasa a romo. Don haka ba baƙon abu na kawo miki ba, ƙanzon burodi ne kawai.

Kada ki ɗauka zan ce ki zuba shi a miyar kuka. Kuka da kuɓewa da tuwonsu, ba mai raba su. Abokan wannan gashi su ne abin da ake sha da cokali: farfesun kifi, na kaza, na kayan ciki, romon ƙashi, ko kabewa da wake idan an dafa su ruwa-ruwa.

Kafin ki ɗauko wuƙa, ki tsaya ki duba burodin da kyau, domin nan ne lafiyar iyali take, kuma nan ne na fi so mu daɗe. Burodin da ya yi tauri daban, wanda ya lalace daban. Taurin da kike ji bayan kwana biyu ba ruɓewa ba ne. Sitacin da ya yi laushi a lokacin gashi ne yake komawa ya ƙanƙame, ruwan da ke tsakiya kuma yana gudu zuwa ɓawo. Irin wannan lafiyarsa lau, kuma shi ya fi dacewa da aikinmu, saboda sabon burodi yana lanƙwashewa a ƙarƙashin wuƙa, ya kuma sha mai da yawa.

Wanda ya yi fumfuna kuwa, ba shi da wurin zuwa sai bola. Na san abin da ake yi a gidaje da yawa: a ga ɗigon kore ko baƙi ko fari mai gashi-gashi a gefe guda, a yanke wurin, a ce sauran yana da kyau, wata ma ta ce ai wuta za ta kashe komai. Abin da idonki ya gani kan fumfunar ne kawai. Saiwoyinta sirara ne ƙwarai, kuma burodi abu ne mai laushi da ƙofofi, don haka sukan ratsa nesa da inda tabon yake. Wasu nau'o'in fumfuna suna fitar da guba, 'yan uwan wadda ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, mai lahani ga hanta. Wuta tana kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba ba ta jin zafin kasko. Kuma ba yadda za a yi ki bambanta mai guba da marar guba da ido. Idan yankakke ne, tabo a yanka ɗaya ya isa ki yar da ledar gaba ɗaya. Kada ki kai shi hanci ki shinshina, musamman idan akwai mai asma a gidan, ko ke kanki.

Nakan ji masu cewa ai daga fumfuna aka samo fenisilin, don haka cin ta ma magani ne. Gaskiya ne cewa a 1928 Alexander Fleming ya lura a Landan da wata fumfuna da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, daga nan maganin ya samo asali. Amma sai da aka shafe fiye da shekara goma kafin masana su iya tace shi ya zama abin da za a ba majiyyaci. Abin da ya tsiro a ledar burodinki ba a tace shi ba, ba a auna shi ba, ba ma a san ko wane iri ne ba.

Akwai wata lalacewar da ba ta da launi, kuma a damina ta fi yawa, a Agusta da Satumba lokacin da iskar Minna take jiƙe sharkaf. Za ki ɓare burodin ki ga tsakiyarsa na danƙo, idan kin ja sai ya yi yauƙi kamar zare, da wani wari mai kama da na 'ya'yan itacen da suka wuce nuna. Wannan aikin wasu ƙwayoyin cuta ne da ƙwansu ke jure zafin gidan burodi, su farka idan sun sami ɗumi da danshi. Shi ma a zubar.

To ina za a ajiye shi kafin ranar gashi? Ba a firiji ba, idan da hali. Sanyin firiji yana jinkirta fumfuna, amma yana hanzarta taurin nan fiye da ajiyar ɗaki. Ga mai niyyar gasawa wannan ba asara ba ce, tunda taurin muke nema, sai dai ga mai son na shayin safe abin haushi ne. Firiza ce ke tsayar da duka biyun. Amma mu da muke zaune a jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru mun san cewa zama kusa da rijiya ba ya hana ƙishirwa. Burodin da ya daskare ya narke, ya sake daskarewa ya sake narkewa, gumi yake tarawa a leda, gumin nan kuma shi fumfuna take jira. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki gasa shi a rana ta biyu ko ta uku, ki huta.

Wani abin da wuta ba ta gyarawa shi ne burodin da tun asali aka yi shi da ha'inci. Hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin fotasiyam buromet a burodi tun farkon shekarun 2000, zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, saboda haɗarinsa ga ƙoda da kuma zargin haddasa cutar daji. Masu sa shi don burodi ya kumbura suke yi, ya cika ido alhali ba nauyi. Ki riƙa duba leda: sunan gidan burodin, adireshinsa, lambar rajistar hukumar da ranar da zai daina aiki. Wanda ya zo tsirara ba suna ba lamba, ko nawa aka rage miki, araha ba ta ado.

Yanzu ga aikin. Ki ɗauki rabin burodi madaidaici, ki yanka shi kamar girman dunƙulen sinadarin ɗanɗano. Ki yi ƙoƙari su zo kai ɗaya, in ba haka ba ƙananan za su ƙone kafin manyan su bushe. Kada ki cire ɓawon, shi ya fi daɗi. Ki zuba a roba mai faɗi, ki kawo mai babban cokali biyu, man gyaɗa ko na waken suya, ki yaryaɗa kaɗan-kaɗan kina juyawa da hannu, don kada 'yan saman su shanye shi duka. Idan na kwalba ne ki duba alamar ido a jiki, ita ke nuna an ƙara masa sinadarin bitamin A kamar yadda doka ta tanada. Man zaitun da littattafan girkin Turawa suke ambata yana da kyau, amma ba dole ba ne, kuma a kuɗinsa na yanzu ban ga dalilin da za ki saye shi don ceton rabin burodi ba. Sai ki barbaɗa garin tafarnuwa da garin citta, rabin cokalin shayi kowanne, da ɗan masoro. Mai son yaji ta ƙara garin barkono kaɗan.

Idan kina da obin, ki shimfiɗa su a faranti ba tare da wani ya hau kan wani ba, ki sa a zafi kamar maki 160 zuwa 170 a ma'aunin Selshiyos, na minti 12 zuwa 15, ki juya sau ɗaya a tsakiya. Da gangan na rage zafin. Burodin Turawa da ake yin wannan gashi da shi kusan ba sukari a ciki, namu kuwa ya sha sukari da bota, kuma sukari ba ya haƙuri da wuta. Idan kin bi lissafinsu sai ki kwashe gawayi.

Ba obin? Kaskon suya ya isa. Ki ɗora a wuta can ƙasa, gas ne ko risho ko kurfoti da garwashinsa ya lafa, ki zuba su ba tare da ƙarin mai ba, ki tsaya a kai kina juyawa kamar minti goma. Wannan ba girkin da za ki bari ki tafi amsa waya ba ne. Mai yin kek da tukunya da yashi ita ma ta san hanya, sai dai ta ɗan karkace murfin don tururi ya fita, tunda bushewa muke so. Ki ɗauki ɗaya ki bar shi ya sha iska, ki tauna. Idan tsakiyarsa na da laushi, da saura. Launin da ake nema ruwan zuma ne. Da zarar ya fara komawa baƙi, kin wuce gona da iri. A 2002 masana a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan ya gasu ko ya soyu da yawa yana haifar da wani sinadari, akirilamaid, wanda aka tabbatar yana jawo cutar daji a dabbobin gwaji, kuma yawansa na ƙaruwa ne gwargwadon duhun gashin. Shi ya sa hukumomin abinci suke cewa a tsaya a launin zinare. Waɗanda suka ƙone ki tsince su ki yar.

Garin ƙuli-ƙuli, musamman irin na Bida, yana yi masa kyau ƙwarai, amma sai bayan an sauke za ki barbaɗa, da sauran ɗumi. A kasko ƙonewa yake yi ya yi ɗaci.

Kin lura ban ambaci gishiri ba. Ba mantuwa na yi ba. Burodi da gishirinsa yake zuwa daga gidan gashi, farfesun da za ki zuba shi a kai kuma ya riga ya sha gishiri da dunƙule biyu ko uku, kowane dunƙule kuwa gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma lissafin ya haɗa da na cikin burodi da dunƙule da yajin tsire da taliyar yara. Sau da yawa mutum zai zo karɓar maganin hawan jini, yana shan sa a kan ƙa'ida, amma awon ya ƙi sauka, idan aka bi diddigi sai a tarar a tukunya matsalar take. Daddawa da citta da kimba da ɗoɗɗoya da albasa mai yawa za su ba ki ɗanɗanon da zai sa ki rage dunƙule ɗaya ba tare da maigida ya yi ƙorafi ba. Ki rage a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Sai dai ina jan kunne game da gishirin nan da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini. Yawancinsa an maye wani kaso ne da fotasiyam. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan lisinofiril ko losatan da danginsu, kada ya fara amfani da shi sai ya tambayi likitansa, domin fotasiyam idan ya taru a jini yana rikita bugun zuciya.

Haka kuma ban ce ki soya shi tsamo-tsamo a mai ba. Burodi soso ne. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori wajen 120, kuma idan kika jefa burodi a kaskon ƙosai ba za ki san cokali nawa ya sha ba. Balle a ce man da aka soya kifi da shi jiya, aka soya doya shekaranjiya, har ya yi duhu yana kumfa.

Inda wannan ɗan gashi ya fi burge ni shi ne ɗakin majiyyaci. Mai zazzaɓin cizon sauro bakinsa ɗaci yake yi, ko ƙamshin tuwo ba ya so. A ba shi magani a kan cikin da ba komai, a yi mamakin me ya sa zazzaɓin ya dawo bayan mako biyu. Magungunan nan irin su Coartem da Lonart, da ake sha sau shida a kwana uku, ɗaya daga cikin sinadaransu biyu ba ya shiga jini yadda ya kamata sai da maiƙo a ciki. Shi ya sa takardar cikin kwalin take cewa a sha da abinci ko madara. Ba maiƙo mai yawa ake bukata ba. Rabin kofin romon kaza mai ɗumi da ɗan cikin hannu na gasasshen burodin nan yakan shiga inda shinkafa ta kasa, kuma ya wadatar. Amma a fara yin gwajin jini tukuna, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Haka mai shan maganin ciwon jiki irin su ibufurofen, gara ya sa wani abu a ciki kafin ya haɗiya. Idan mai gyambon ciki ne a gidan, ki ɗebe masa romonsa kafin ki zuba attaruhu.

Masu ciwon suga kuma, akwai maganar da ta yaɗu cewa idan an gasa burodi sukarinsa ya tafi. Ruwa ne ya tafi, sitacin yana nan daram, kuma shi jiki ke mayarwa suga. Hasali ma da yake ya ƙanƙance ya yi sauƙin tauna, mutum zai iya cin yanka huɗu yana ganin bai ci komai ba. Wani ƙaramin bincike da aka wallafa a 2008 daga Jami'ar Oxford Brookes ta Ingila, a kan mutum 10 masu lafiya, ya nuna cewa burodin da aka daskarar sannan aka gasa bai ɗaga suga kamar sabo ba. Ragi ne, ba lasisi ba. Shawarata ita ce a auna tun kafin a yanka: yanka ɗaya, in an samu na alkama zalla, a kan farfesun da ya ji kifi da ganye, kuma a ƙidaya shi a matsayin wani ɓangare na tuwon daren, ba ƙari a kansa ba. Mai shan Daonil ko mai allurar insulin da rashin lafiya ta hana shi cin abinci, shi kuma haɗarinsa faɗuwar suga ne, don haka ɗan wannan ya fi zama da yunwa, kafin a kai shi a duba shi.

Yara za su so shi fiye da kowa, har su riƙa ɗiba a kwalba kamar cincin. Wanda bai kai shekara huɗu ba kada ki ba shi busasshe, yana iya sarƙe shi. Ki bari ya jiƙu a romo ya yi laushi, yaron yana zaune, kina kallo. Haka tsohon da haƙora suka yi ƙaranci, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa haɗiya.

Wajen ajiya, ki bar shi ya huce sarai a faranti kafin ki rufe. Idan kin zuba shi da ɗumi, tururin zai koma ruwa a jikin kwalbar, aikinki ya tashi a banza. Kwalba mai murfi ta fi leda. A hunturu zai yi miki mako guda yana ƙaras, a damina kuwa ki cinye cikin kwana uku ko huɗu. Idan ya yi sanyi ba tare da tabo ko wari ba, minti uku a busasshen kasko zai dawo da shi. Na ce garin tafarnuwa ne saboda ɗanya tana saurin ƙonewa. Idan ita kike so, ki daka, ki cuɗa da man, ki yi amfani da shi nan take. Kada ki jiƙa ɗanyar tafarnuwa a kwalbar mai ki ajiye a kan kanta na kwanaki, kamar yadda ake nunawa a wasu bidiyon girki. A ƙarƙashin mai babu iska, kuma irin wannan wurin ne wata ƙwayar cuta ta ƙasa take samu ta fitar da gubar da ke shanye jijiyoyi, ba tare da ta canza wari ko ɗanɗano ba.

Idan kina da ɗa ko ƙanwa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Bosso, ko can Gidan Kwano, ki koya musu. Ba wanda ya kai ɗalibi sayen burodi, ba kuma wanda ya kai shi cin wanda ya fara tabo idan wata ya yi nisa.

Ranar da ba kuɗin tarwaɗa a Kasuwar Kure, kabewa za ta fitar da ke. Ki soya albasa babba ɗaya a cokalin mai, ki zuba yankakkiyar kabewa da citta da ɗan daddawa, ki tsaida ruwa ko romon ƙashi daidai kanta, ki bar ta kamar minti 20 har ta narke. Ki dama da bayan ludayi ko ki niƙa, ki kaɗa cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa, ki watsa alayyafo ya yi minti biyu. Taushe ce da aka saki ruwanta. Burodin kuma kada ki zuba shi a tukunya. Ki kai shi a kwanonsa daban, kowa ya ɗiba ya barbaɗa a nasa lokacin da zai fara sha, domin cikin minti biyu romo yake cinye ƙarasniyar.